Ranar da Sanusi Ya Zama Jaki

Na ce wa Madam Hajjo ba zan canza ba. Ita ce shugabar jardan ɗin da nake koyar da ƙananan yara a unguwar Filato, kuma kan wasan bikin ƙarshen shekara ta kira ni biro, wato ofishinta. So take a ba Sanusi matsayin ɗan sanda, tunda babansa, Alhaji Mamman, shi ya sa mana fankoki a aji. Sauran yara su tsaya baya suna tafi.

Ni kuwa yaran na bari suka tsara wasansu: cunkoson safe a kan gadar Harobanda. Kowa ya zaɓi abin da zai zama. Hafsa, ƴar wani tela a Zongo, wadda in'ina ke hana ta faɗin sunanta, ta ce ita ce ƴar sanda, don usur ba ya in'ina. Sanusi ya kafe shi jakin amalanke ne. Na lallashe shi da taksi, ya ƙi.

"Balkissa, ɗan Alhajin ne jaki?"

"Madam, shi ya zaɓa. In na ƙwace usur a hannun Hafsa, me zan ce mata?"

Ta ce masu diploma irin tawa sun cika gari. Na ce ba don in koya wa yara tafi na samo tawa ba. Daga nan ta daina amsa gaisuwata, ta kulle mana zauren gwaji. Muka koma gindin itacen bedi, cikin zafin watan Mayu, ban ko ɗaga kai na dubi tagarta ba.

Ranar biki Alhaji na sahun gaba, ya ɗaga waya yana ɗauka. Sanusi ya shigo da rarrafe, da kunnuwan kwali, ya zauna daram a tsakiyar gada ya ƙi motsi. Hafsa ta busa usur har sai da ta ja shi da kunne. Ya saki kukan da wani jakin gaske ya amsa masa daga bayan katanga. Iyaye suna ta riƙe ciki, baban Hafsa har kan kujera ya hau.

Alhaji ya sauke wayarsa a hankali, ya tambayi wace ce tantin wannan aji, wato malamar yaran. Na miƙe da kaina, ban jira a nuna ni ba.

Da aka dawo hutu, wata ce aka ba ajina. Na rasa aikin, kuma har yau ban sami wani ba.