Hanya a Buɗe, Jini Yana Rarrafe

Mijina bai iya zama ba. Ko abinci yake ci ƙafarsa na kaɗawa, kunnensa na kan titi, in ya jiyo hon ya yi yawa daga nesa sai loma ta tsaya masa a hannu. Shekara goma sha tara ya yi yana ba motoci hannu a mararrabar da ke gaban tashar jirgin ƙasa, har unguwa ta manta sunansa, Mai Usur kawai ake ce masa. Yana da wani hali da abokan aikinsa suka gaji da magana a kai: ba ya yarda a karɓe shi da safe, lokacin da motoci suka fi yawa. A ganinsa in ba shi ne a tsaye a wurin ba, sai an yi karo.

Da ciwon ƙirji ya fara masa, ɓoye min ya yi, kamar ba ni ke wanke rigar aikinsa ba. Kullum sai in ga gefen hagu a yamutse, inda yake damƙewa. Na yi faɗa, na yi lallami, ya ce iska ce. Iskar ce ta durƙusar da shi a tsakiyar titi wata Talata, wani direban bas ya kai shi asibiti.

Likitar zuciya ta zura masa siririn bututu ta hannu, ta tura wani ruwa da ke nuna hanyoyin jinin zuciya a allo. Bayan an gama ta kira ni, ta nuna mana hoton, ta ce babu inda ya toshe. Kafin ta rufe baki mutumin nan ya fara neman takalmansa. Ta ce ya koma ya kwanta ya ƙara kallo. Muka ga ruwan yana bin hanyar da kyar, kamar tsoho a kan matakala. Ta ce a zuciyar mai lafiya da tuni ya wuce. Ta ce akwai sinadarin da jiki ke zubawa a jini in mutum ya firgita, ya kamata ya sauka in abin ya wuce, nasa kuwa ya ƙi sauka, kuma tana zargin shi ke matse ƙananan jijiyoyin. Ta rubuta magani, ta kuma ba da takardar neman a mayar da shi aikin ofis. Saura sa hannunsa.

Ya ce ofis na masu ciwon baya ne. Yana cikin gardamar wata mota ta danna hon a waje, na'urar da ke ƙirga bugun zuciyarsa ta hau ƙara da sauri. Likitar ta juyo, ni ta kalla.

Hutun mako biyu aka ba shi, ni na sha wahalarsa. Daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa ƙofa, ya ɗaga labule, ya sake shi. Ya canja wa kujeru wuri wai sun tare hanya. Yara in za su shiga kicin sai ya ce su bi ta dama. Usur ɗin na aljihunsa, takardar na kan firji ba sa hannu. Na gaya masa gaskiya ina tsoron in rasa shi, ya ce in bar shi ya ji da abin da ke gabansa, ko waye suka sa a wurinsa yanzu, Allah kaɗai ya sani.

Rana ta tara muka tashi komawa asibiti. Na jefa takardar a jaka, na ce wa mai tasi ya bi ta gaban tasha. Bakwai da rabi na safe ne, da gangan na yi, haushinsa nake ji.

Tun daga nesa ya matso gaba ya riƙe kujerar direba. Wadda ke tsaye a mararrabar ita ce ƙaramar ma'aikaciyar da ya sha cewa hannunta ya yi gajarta da aikin. Ta ɗaga hannu, layi ya tsaya. Ta juya, namu ya tafi. Ko usur ba ta busa ba. Ba mu yi minti ɗaya ba muka wuce, shi kuwa ya juya yana kallo ta gilashin baya har wurin ya ɓace.

Can ya ce, "Ashe suna wucewa ko ba ni."

Na ɗauka daɗi zan ji. Tausayinsa ne ya kama ni har na kasa kallonsa. Na ce, "Baban yara, su za su wuce. Mu ne ba mu da wani."

Ya tambayi mai tasi ko yana da biro. Na ciro takardar, ya ɗora ta a gwiwa ya sa hannu, rubutun ya fita tsaf don ƙafar ba ta kaɗawa.