Rautar da Ta Koyi Kunya

Ni ce 'yar farin Baffa, shi ya sa shekara ashirin da tara bai taɓa kiran sunana ba. Ikilima aka raɗa mini, amma a bakinsa ni “waccan” ce. Ranar da na yi abin kirki sai in samu ƙarin girma, in zama “waccan ta wajen Dela”, domin Gwaggo Dela, yayarsa, ita ta riƙe ni a Kazaure tun da aka yaye ni. Haka al'adar gidanmu take, uba ba ya nuna ya san da zaman ɗan fari. A cikinta na tashi, na kuma san ba ƙiyayya ba ce. Amma kada wani ya ce mini ba ta da ciwo, domin ni na san inda take yi mini ciwon.

Sana'ata haɗa na'urori. Bara wata ƙungiyar makiyaya da manoma ta ɗauke ni in haɗa mata zaurukanta huɗu, na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, don likitan dabbobi ya tsaya a Kazaure ya yi bayani sau ɗaya, sauran garuruwan su gan shi a talabijin. Hanyar da ke tsakaninsu ta rediyo ce a kan dogayen ƙarafa, siririya, ba za ta ɗauki hoto uku lokaci guda ba. Sai na zaɓi tsarin da mu masu aikin muke ce wa maltikas. Hoto ɗaya ne ke fita daga Kazaure, in ya kai mararraba sai ya rabu. Kowane gari yana da rauta, wato akwatin da ke nuna wa saƙo hanya. Tsarin yana da sharaɗi guda: hoto ba ya zuwa inda ba a roƙe shi ba, kamar mai tallar nono da ba ta shiga sai gidan da aka kira ta. Roƙon kuwa koren maɓalli ne a jikin rimot. In ka danna, rautar garinku ta gaya wa ta gaba, ta gaba ta isar Kazaure. In ka ƙoshi ka danna ja.

Baffa ne shugaban reshen Gwiwa, rimot ɗin zaurensu kuma ba ya barin aljihunsa.

Kafin ma a kai ga Baffa, sai da na sha fama da shugaban ƙungiya, Alhaji Muhammadu Lawal, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke iya gane wanda ya zauna a kujerar da ba tasa ba ko da daga waje ya leƙo. Ya tsaya a bayana yana kallon rubutu na gudu a kwamfutata.

“Wannan kuma mene ne?”

“Gaisuwa ce, ranka ya daɗe. Rautocin suna gaida juna duk bayan daƙiƙa talatin, don kowace ta san maƙwabciyarta na nan.”

Ya ji daɗi sosai, ya ce ashe akwai na'ura mai tarbiyya. Sai kuma fuskarsa ta canza.

“Wa ke fara gaida wa?”

“Duk wadda lokacinta ya yi.”

“Kina nufin ta Kazaure, uwar ƙungiya, ita ke fara yi wa ta reshe sannu?”

Aka kira kwamiti. Sa'a biyu suka yi, suka yanke cewa rautar Kazaure ta kama girmanta, ta yi shiru a zo a gaishe ta. Na ce ba za ta yiwu ba, aka ce in gwada. Na gwada. Ko minti biyu ba a yi ba maƙwabtanta suka ji shiru, suka yanke cewa ta mutu, suka goge ta daga jerin maƙwabta. Fatu, sakatariyar Babura, ta bugo waya ta ce fitilar akwatinsu ta koma ja, ko lafiya. Na mayar da gaisuwar yadda take, na ce wa shugaba yanzu amsawa kawai ta Kazaure take yi. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Ya gamsu, ya sa aka ɗaga rautar zuwa kanta ta sama, aka shimfiɗa mata 'yar darduma.

Shi ne kuma ya yanke cewa ranar buɗewa, Asabar, ni zan fara magana, tunda ni na haɗa abin. Minti talatin, fuskata a garuruwa huɗu. Mako na gaba zan wuce Fatakwal aikin shekara uku, Baffa kuma ya haura saba'in, idonsa ya fara hazo. Ban ɓoye wa kaina ba: so nake ya gan ni sau ɗaya ina yin abin da na iya. Ba na neman ya yaba, ya dai gani.

Ranar Talata na gwada hanya da wani bidiyon ciwon kofato. Gwiwa ce ta fara roƙo, kafin ma in gama zama. Ranar Laraba na gwada da fuskata, bayan an sanar cewa ni ce. Babura ta shigo, Roni ta shigo. Gwiwa ko tari.

Na hau acaɓa na tafi Gwiwa. Na iske Baffa a gindin darbejiyar ƙofar zaure tare da ƙanensa, Kawu Falalu. Na cire takalmi na durƙusa.

“Baffa, ina wuni.”

“Lafiya,” ya ce wa darbejiya. Sannan ya juya. “Falalu, tambayi waccan ko lafiya da tsakar rana.”

“Baffa, maganar maɓalli ce. Ranar Asabar sai an danna kore hoto zai zo.”

Kawu ya maimaita abin da na faɗa kalma bayan kalma, alhali tsakanina da Baffa bai kai taku biyu ba.

“Falalu, in an danna, me akwatin yake cewa?”

“Cewa yake, Gwiwa na so,” in ji ni.

“Na son me?”

“Abin da ake nunawa.”

“Kuma waccan ake nunawa.”

“Eh, Baffa.”

“Kuma ta Roni maganar za ta bi kafin ta kai Kazaure?”

“Ta nan hanyar take.”

Ya gyara hularsa. “To gaya mata, ban taɓa aiken mutum ya ce ina son ganin waccan ba. Ba da tsufana zan aiki akwati ba, har mutanen Roni su ji.”

Na ce rautar Roni ba ta da baki, ba ta zuwa kasuwa. Ya ce wa Kawu duk abin da ya iya gaisuwa ya iya tsegumi. Na roƙi Kawu ya karɓi rimot ɗin ya danna da kansa. Ya riƙe haɓa.

“Ni? A gaban yayana? Ai cewa za a yi shi ya sa ni. Gara ma ya danna da hannunsa.”

Na dawo Kazaure raina a ɓace. Digiri gare ni, da takardun shaida uku a kan wannan aikin, babu ko shafi ɗaya a cikinsu da ya yi maganar Bafulatani da 'yar farinsa.

Ranar Alhamis na canza salo. Akwai wani tsohon tsari da ba ya jiran roƙo, tura hoton yake yi ko'ina, wanda ba ya so shi zai ce a daina. Na ce madalla, wannan kai kwano gidan maƙwabta ne, ba mai cewa ka roƙa. Akwatin talabijin ɗin kuwa duk abin da ya iso wayarsa nunawa yake. Na tura. Hoton ya bi ta Roni ya isa Gwiwa. Rautar Gwiwa ta duba zaure ba ta ga wanda ya nema ba, sai ta mayar da saƙo cewa ba mai so a nan, a yanke. Bayan minti uku tsarin ya sake miƙa mata, ta sake ƙi. Haka suka yi ta yi har azahar, ana miƙawa tana kau da kai. Na buga wa Kawu na gaya masa. Bai yi mamaki ba ko kaɗan.

“Wata biyu fa tana ɗaki ɗaya da shi,” ya ce. “Ai dole ta ɗauki hali.”

Saura dabara ɗaya, duk mai aikin nan ya san ta. Layi ɗaya ake rubutawa a cikin rauta, ya sa ta riƙa cewa akwai mai so a zaurenta ko da babu kowa. Ranar Asabar da hantsi, mutane suna cika zauren Kazaure, na shiga rautar Gwiwa daga kwamfutata na rubuta layin. Nan take jerin masu karɓa ya nuna uku: Babura, Roni, Gwiwa. Aiki ya yi.

Na zauna ina kallon sunan. Ya kamata in yi murna, amma ji na yi kamar na kama babban yatsansa yana barci na dangwala a takarda. Shekara ashirin da tara ina jiran ya ce yana so, yau kuma ni ce na faɗa da bakinsa. Takaici ya kama ni, na kaina da nasa. Gwaggo Dela tana layin gaba da sabon lulluɓinta, ta yi mini alama da ido ko lafiya. Na ce lafiya. Na goge layin. Jerin ya koma biyu.

Shugaba ya yi gabatarwar da ta fi jawabina tsawo, ya gode wa kowa har da rautar da ke kan darduma. Sannan na tsaya gaban kyamara, kwamfutata a buɗe a gefen teburi. Na yi bayanin ƙarafan rediyo da kore da ja, da abin da za a yi in batirin sola ya yi sanyi. Daga baya na ji cewa a daidai lokacin maza talatin da ɗaya ne ke zaune a zauren Gwiwa, sun harɗe ƙafa gaban baƙin gilashin talabijin. Ba wanda ya ce uffan, don kada a kunyata shugaban reshe. Wasu ma har gyaɗa kai suke yi.

A minti na sha ɗaya na saci kallon kwamfuta. Jerin ya koma uku.

Na duba da kyau ko layina ne bai gogu ba. Ya gogu. Wannan roƙon daga akwatin zaure ya fito, ya bi ta Roni, da lambarsa da lokacinsa. Maganar da ke bakina ta ɓace. Na ce “batirin sola” sau uku a jere, daga baya Fatu ta ce a Babura sun zaci hoton ne ya maƙale. Na ƙarasa minti talatin ɗina, ban san me na faɗa ba.

Ina sauka na fita waje na kira Kawu.

“Wa ya danna?”

“Ba wanda ya danna. Ya ajiye rimot a kan buzu, ya miƙe ya gyara riga, ya koma ya zauna a kai. Ya ce tsautsayi ne.”

“Ya gan ni?”

“Hoto na fitowa ya juya baya, ya ce haske na damun idonsa. Sai mu ma duk muka juya.”

“Ku talatin da ɗaya?”

“To ya za mu yi, Ikilima? Mu bar shi shi kaɗai?”

“Bai ce komai ba?”

“Ya ce sautin ya yi ƙasa, a ƙara.”

Likitan dabbobi ya yi nasa, aka yi addu'a, aka ci shinkafa, aka watse kafin azahar. Na kashe kyamara. Babura ta danna ja, ta fita daga jeri. Roni ta bi ta. Na shiga tattara kaya.

Bayan la'asar na zo rufe kwamfuta, sai na ga Gwiwa tana nan. Duk minti ɗaya rautar can tana tambayar zaure ko har yanzu akwai mai so, akwatin talabijin yana amsa mata cewa akwai. Sa'a uku ke nan ana roƙon hoton da babu mai aiko shi. Na sake kiran Kawu na ce sun manta ba su danna ja ba.

“Ba mantuwa ba ce,” ya ce, ya rage murya. “Kowa ya tafi. Shi yana ciki, ya ce sai rana ta yi sanyi. Yanzu ya juyo yana fuskantar talabijin, tunda babu kowa a ciki.”

“Kai kana ina?”

“Ni zan je in duba shanu. Suna da nisa yau. Zan daɗe.”

Zauren Kazaure ba kowa sai kujeru da ƙwayoyin shinkafa a ƙasa. Na jawo kyamarar na kunna ta, na zauna a gabanta. Jawabina ya ƙare, ba ni da wani. Ban ce Baffa ba, ban kalli gilashin kyamarar ba, don kada ya zama dole ya juya. Na ɗauko wata doguwar waya daga cikin kayan aiki na shiga naɗe ta a hannu, a hankali, ina duban kwamfuta ta wutsiyar ido. Minti ya cika, rauta ta yi tambaya, Gwiwa ta amsa.

Na gama naɗe wayar, na warware ta, na sake farawa.