Minti Ashirin a Filin Keita

Shekara goma sha ɗaya Gado ya yi yana horar da 'yan ƙwallon kolejin Ibohaman, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Shi ba malamin lakkwal, wato makarantar boko, ba ne, manomin gero da dawa ne. Da ƙuruciya ya buga baya a wata ƙungiya ta Keita, har gwiwarsa ta ƙi. Karatunsa a aji shida ya tsaya. Amma duk la'asar, in yara sun fito daga aji, shi suke tararwa a fili da usur rataye a wuya.

Filin nasu a kan fako yake. Kowace damina ruwa sai ya tono sababbin duwatsu, yaran kuma yawancinsu ƙafa tsirara suke wasa. Don haka kafin a taɓa ƙwallo, Gado kan jera su daga wannan raga, su tafi suna tsintar duwatsu suna jefarwa waje har waccan ragar. Bai taɓa ƙidaya wannan cikin horo ba. A wurinsa kamar wanke hannu ne kafin cin tuwo.

Wata Litinin diraktan kolejin, Mushe Abdallah (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan boko), ya aika aka kira shi.

"Gado, takarda ta zo daga Tawa. Gasar kolejoji ta bana, duk mai horon da ba shi da takardar diplom ba shi zama bisa banci."

"To in zamna ina, Mushe?"

"Bayan igiya, tare da masu saida ƙanƙara."

Dirakta ya ce za a buɗe horo na kwana goma a Keita, wanda ya ci jarrabawa ya samu takardar matakin farko. In Gado bai samo ta ba, dole a miƙa yaran ga sabon malamin wasanni da aka turo daga Yamai, wanda ke da takardu amma har yanzu bai rarrabe Anas da Aminu cikin yaran ba.

Matarsa Delu ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, da hurhura za ka koma aji?" Duk da haka ita ta sa masa littafin rubutu da alƙalamin biki biyu cikin jaka, ta ɗora ƙullin ƙuli-ƙuli a kai.

Su ashirin da uku ne a horon, kusan duka malaman makaranta. Gado ya girme su duka, nan take suka laƙa masa Tsohon Aji. Wanda ya fara kiransa haka Mutari ne, wani malami daga Buza mai yawan baki, kuma benci ɗaya suke zama. Mai koyar da su Madam Najiba ce daga Tawa, gajeruwa, ba ta ɗaga murya, agogon ƙidayar lokaci kullum yana wuyanta. Abin da ta fi nanatawa shi ne kowane horo a rubuta shi a takardar shiri tun kafin a shiga fili: ɗumama jiki minti kaza, aiki minti kaza, ƙaramin wasa, sannan a huce.

Gado ya sha wuya da rubutu. Ya san amsa, amma kafin ya juya ta zuwa Faransanci an karɓe takardu. A jarrabawar rubutu takwas ya samu bisa ashirin. Matsakaicin goma ake nema, ke nan sai ya ci sha biyu a ta fili kafin ya haye.

Ran kwana na tara da safe kowa ya zari ƙuri'a. Ta Gado ta ce tsaron baya. Mutari ya leƙa ya ce, "Kai, Tsohon Aji, gonarka ta gado anka ba ka!" Gado ya rubuta shirinsa tsaf kamar yadda aka koya musu. Aka ba shi yara goma sha huɗu 'yan kolejin Keita, kowa da takalmin ƙwallo, aka ce minti ashirin gare shi. Madam ta danna agogo.

Ya dubi filin, ya ga tsakuwa da ɓaraguzan marmara warwatse. Bai ko yi tunani ba.

"Ku jeru nan bakin raga! Duk dutsen da kunka gani, waje!"

Yaran suka dubi juna. Wani ya yi gunaguni cewa su ba aikin gayya suka zo ba, amma suka sunkuya. Gado yana biye da su yana nuna wanda suka tsallake. Da suka kai ɗaya ragar ya ji hankalinsa ya kwanta, sai ya ɗauko takardarsa ya fara ɗumama jiki. Yana cikin jera 'yan baya huɗu, bai ko jefa musu ƙwallo sau uku ba, usur ɗin Madam ya tashi.

Ta kira shi gindin itacen bedi inda ta ajiye teburinta.

"Malam Gado, mi kay yi da minti tara na hwarko?"

"Ban hwara ba tukuna a lokacin, Madam. Hili munka gyara."

"Agogo bai san da gyaran hili ba. Kuma yaran ga suna da takalma."

"Gwiwar mai tsaron gida ba ta sa takalmi, Madam."

Mutari da ke kusa ya ƙyalƙyale, ta harare shi ya haɗiye sauran. Ta daɗe tana duban takardar Gado.

"Abin da babu cikin takarda ba ni iya ba shi maki. Amma gaya mini, in yaro shina tsintar dutse, mi jikinai ka yi?"

"Shi duƙa, shi tashi, shi taka, shi yi jihwa."

"To mi a ɗumama jiki?"

Gado ya sake duban layin farko na takardarsa, sai a lokacin ya gane.

Ta ce su huɗu ne suka gaza, kuma ƙa'ida ta ba su damar sakewa sau ɗaya da la'asar. Daga nan babu wata.

Bai ci abincin rana ba. Ya zauna da Mutari suka sake takardar, shi yana faɗa da Hausa, Mutari yana gyara masa Faransanci yana tsiya. "Tunda nike ban taɓa rubuta duwatsu cikin darasi ba. In Madam ta kore ka, kar ka ambaci sunana." Suka sa tsintar duwatsu a matsayin ɗumama jiki, minti biyar, tare da sassarfa a tsakani. Mutari ya kwance agogonsa ya ɗaura masa.

Da la'asar aka kai su filin baya, wanda ba a taɓa tsince shi ba, da wasu yaran dabam. Gado ya jera su. Suka duƙa, suka tashi, suka yi sassarfa, shi kuma ido ɗaya a ƙasa, ɗaya a agogo. Minti biyar ta cika ba su ko kai tsakiyar fili ba. Yana hango wani dutse kamar dunƙulen hannu can gaba. Usur yana bakinsa. Sai ya runtse ido ya busa.

Ya jawo aikin duka zuwa ɓangaren da aka tsince, ya sa takalman wanka biyu a matsayin iyaka, ya ce duk wanda ya ƙetare su ya fita wasa. Sauran kuwa abin da ya sani ne.

"Ku huɗun ga, kamar manoma cikin kuyya! Kar wani shi wuce wani, kar wani shi rage baya. In na hagu ya tahi, na kusa shi rufe mishi!"

Sau biyu mai kai hari ya faɗa tarkon satar gida. Gado ya ba su ƙaramin wasa, ya tara su suka huce, ya busa nasa usur kafin Madam ta busa nata.

Washegari da hantsi aka karanta sakamako. Gado Jima, fili sha biyu, matsakaici goma, ya ci. Shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda suka haye. Madam ta miƙa masa takardar ta ce rubutunsa yana bukatar aiki in yana son mataki na gaba. Ya ce ya ji.

A tasha, kafin motar Ibohaman ta cika, ya kira Mushe Abdallah.

"Mushe, a sa sunana bisa takardar gasa."

"Ka samu?"

"Da ƙyar."

"Da ƙyar ɗin ma banci guda za ku zamna da mai sha takwas. Karanto mini lambar da ke jikinta."

Gado ya ciro takardar daga cikin leda, ya matsa inuwa, ya shiga karanta lambar ɗaya bayan ɗaya.