Wayar Wuta a Kan Rufin Mota

Auta ta riga ta kai hannu za ta buɗe ƙofar mota lokacin da Baba ya damƙe mata tsintsiyar hannu.

Iska ce ta tsinko wayar wuta, ta faɗo kan rufin motar tana tartsatsi, daidai kwanar asibitin da za ta kai shi. Ba abin da ya zo mata a rai sai ta fita ta zagayo ta jawo tsohon. Mutane sun yi cirko-cirko daga nesa, kowa ya zama injiniya, masu cewa ta fito sun fi kowa ɗaga murya.

"Zauna," in ji Baba.

Ta dube shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan turakun lantarki, amma tun bara ciwon mantuwa ya cinye shi, har cokali sai an nuna masa amfaninsa. Yau ga idonsa tar, ga muryar nan da ta sani tun tana yarinya.

"Baba, ƙonewa za mu yi."

"Kin ga waɗancan?" Ya nuna wasu tsuntsaye da suka jeru a kan wayar da ke tsallaken titi. "Wutar da ke nan ita ce a can. Me ya hana ta kashe su? Waya ɗaya suka taka, ba su taɓa ƙasa ba. Ita wuta hanya take nema ta shiga ƙasa. Kika sa ƙafa ɗaya waje, jikinki yana manne da mota, ke ce hanyar."

Ta janye hannu daga ƙofar a hankali ta ɗora a cinya. Haka suka zauna, shi yana riƙe da ita, har ma'aikatan wuta suka iso, suka kashe layin, suka ɗauke wayar.

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata. Tsoro ya wuce, wannan na godiya ne zalla. Ashe mahaifinta yana nan ciki, bai tafi duka ba.

"Na gode, Baba. Allah ya saka maka."

Ya saki hannunta, ya ƙare mata kallo cikin sakin fuska.

"Ke 'yar gidan wa ce? Kina jin magana. Allah ya yi wa wanda ya haife ki albarka."

Ta share hawaye da bakin mayafi, ta tayar da mota.

"Amin, Baba," ta ce.