Launin Furen Yaya Merle

Shekara shida Merle Pybus ta yi tana fama da irin fure guda ɗaya, kuma babu wanda ya ji jiki a shekarun nan kamar ƙanwarta Noeline, wadda suke zaune gida ɗaya a gindin dutse, can saman birnin Hobart. Furen shi ne shuɗin fofi, ɗan cikin kurmi, sarkin tsirfa: ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya jure ƙishi, in kuma aka cika masa ruwa ya yi zuciya ya ruɓe. Sai dai a lallaɓa shi kamar bakwaini. Lambun nasu kuwa inuwa ce zalla, manyan itatuwa sun rufe shi ruf, shi ya sa Merle ta ce ai nan ne gidansa.

Irin ba ya tsirowa sai ya yi makonni cikin sanyi, don haka rabin firjin gidan ya zama nasa. Noeline za ta buɗe ta ɗauki man shanu, sai ta ci karo da robar yashi an rubuta KAR KI TAƁA. Shekarar farko ko leƙowa bai yi ba. Ta biyu ya fito ya kwanta. Ta uku dodon-koɗi ya yi walima da shi. Sauran kuwa kar ma a tona.

A ta shida guda ɗaya tak ya tsira, ya baza ganye mai gashi-gashi, kuma cikin Nuwamba ya fito da ƙullin fure, ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Merle ta gano shi da yatsa, ba da ido ba, domin a nan gizo yake saƙar. Idonta yana dusashewa daga tsakiya. Likita ya gaya mata ba tare da kwana-kwana ba cewa baɗi war haka kar ta sa ran rarrabe launi. Ita kuwa abu ɗaya take so a duniya: ta ga shuɗin nan da idonta kafin labulen ya rufe.

Noeline ta fito da almakashi.

Shekara ashirin da biyu tana sakatariyar ƙungiyar masu lambu ta unguwar, kuma mace ce da ba ta iya lanƙwasa magana ba. Ita ce ta taɓa gaya wa amarya a ƙofar coci cewa rigar ta matse ta.

"Yaya, kin san ƙa'ida," in ji ta. "Ƙullin farko yanke shi ake yi. In kika bari ya buɗe, ƙarfinsa ya ƙare, ya mutu. Ki yi haƙuri zuwa baɗi, ya ba ki biyar."

"Baɗi! Ke ce za ki ara mini ido baɗi?"

"Haba Yaya, kowa a ƙungiya haka yake yi."

"Kowa a ƙungiya ya je ya yanke nasa. Mayar da almakashin nan aljihu, 'yar iyayi, kafin in aske miki gira da shi."

Daga ranar Merle ta kafa kujera a gindin furen. Nan take shan shayi, nan take cin biredinta. In fitsari ya matsa mata, sai ta tasa Noeline a gaba har ƙofar banɗaki, ta sa ta yi ta magana don ta tabbata ba ta sulale lambu ba. Mace mai shekara saba'in da huɗu tana tsaye tana karanto jerin 'yan ƙungiya ta ramin mukulli! Saboda dodon-koɗi kuma, kullum da safe Merle sai ta kwaso tokar murhun ɗumama ɗaki ta zagaye gindin furen, kamar yadda ta yi ta yi a ɓoye tun yana ƙarami.

Ranar da Noeline ta kama ta da shebur ɗin toka, sai da ta dafe ƙirji.

"Toka? Yaya, toka kike zuba masa? Ba ya shiri da toka, tana ɓata masa ƙasa!"

"Innarmu da toka ta tsare kabejinta shekara arba'in."

"Wannan kabeji ne?"

"Ke dai baƙin ciki kike yi, naki bai taɓa tsirowa ba."

Wannan kuwa gaskiya ce, kuma ta yi zafi. Noeline ta shige kicin, ta yini tana buga tukwane.

Wata safiyar Talata ƙullin ya tsage. Merle ta ƙwala kira har sai da karen maƙwabta ya amsa. Noeline ta fito da silifa ƙafa ɗaya, ta tarar da yayarta a durƙushe kan jiƙaƙƙen ganye, hancinta kusan yana taɓa furen. Ta juya kai dama, ta juya hagu, tana neman gefen idon da ya rage mata. Fure ta gani, ba shakka, faffaɗa, yana rawa. Amma launin ya ƙi zama wuri ɗaya, duk abin ya yi mata hazo-hazo. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko a ɗakin likita. Ashe labulen bai jira baɗi ba.

Noeline kuwa garau take gani, kuma abin da ta gani ba shuɗi ba ne. Tokar ta yi aikinta. Furen ya fito da kalar ɓawon jar albasa, wadda ma ta kwana biyu a kwando. Shekara shida, rabin firji, tsaron ƙofar banɗaki, duk a kan albasa! Maganar ta taho har bakinta, da "ai na gaya miki" a gaba.

"Noeline," Merle ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Hasken safiyar nan ba shi da kyau. Yaya kike ganinsa?"

Noeline ta dubi furen, ta dubi gwiwoyin yayarta da suka jiƙe.

"Shuɗi ne, Yaya."

"Shuɗi sosai?"

"Sosai. Kamar samaniya bayan an ɗauke ruwa."

Merle ta saki wata ajiyar zuciya, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana share ido. "Ai na gani. Gwada ki nake yi. Ɗaga ni." Tana miƙewa kuma bakin ya dawo. "Kira 'yan ƙungiya, dukkansu. Gobe da ƙarfe goma, kowa ta taho da ɗan abin taɓawa a faranti. Musamman Beryl, mai cewa ba zai yi a lambuna ba. Su zo su ga shuɗi."

Tafɗijam! Mata goma sha huɗu, kowacce da gilashin idonta da bakinta. Noeline ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta ɗauki waya. Da Beryl ta fara, tunda ita ce babbar matsala.

"Beryl, Noeline ce. Fofin Yaya ya buɗe, gobe ƙarfe goma. Saurara da kyau, shuɗi ne."

"Kai, madalla! Wane irin shuɗi, mai haske ko mai duhu?"

"Idan kin zo za ki ga wani abu daban. Abin da kika gani ki haɗiye shi tare da shayinki. Shuɗi za ki ce, da ƙarfi, don kunnenta lafiya lau yake."

Beryl ta ce, "Noeline, ke ce kuwa? Ke da kika gaya wa 'yata rigar aurenta ta..."

"Ni ce. Kuma rigar ta matse ta." Noeline ta goge hanci da bayan hannu, hawaye suna zuba ba ta ma damu ta tsayar da su ba. "Don Allah, Beryl. Ba ta ganinsa."

Daga lambu Merle ta ɗaga murya: "Ki ce mata ta taho da kyamara!"

Noeline ta rufe bakin wayar da tafin hannu. "Ta ce kyamarar ta lalace, Yaya!" Sannan ta ja takardar sunaye gabanta. Saura mata goma sha uku.