Majon Gidan Amumune Surukina Ne

A ƙarƙashin wata bishiyar bedi a tashar Tasawa suka ƙulla magana, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, rumbuna kuma suka zama ɗakin ɓera. Mahmudu ɗan kwangila ya samu aikin rijiya daga wani furoje, shirin agaji mai biyan ma'aikata da hatsi, a Gidan Amumune, yana neman shugaban magina. Na Allah kuwa ya tsufa a cikin rami, gidansa babu ko tiya guda ta hatsi.

"Furoje sun ce a auna kowa saboda ƙwayar taramol," in ji Mahmudu. "Miyau ya fi sauƙi, a lasa a wuce."

"Miyau na safe kaɗai yake kamawa," in ji Na Allah. " Mutum ya yi haƙuri yini guda, ya ci jarrabawa, gobe ya riƙe mini igiya ido jawur. Ba da ni ba."

"Gashi fa? An ce yana tona na watanni."

Na Allah ya yi dariya. "Wa zai ba ka gashinsa a ƙulle a leda, Alhaji? Ko wanzami sai an ga inda ya binne. Fitsari za a yi, kuma a gaban idon majo mai duba marasa lafiya, don na san masu zuwa da na ƙanensu a kwalba. Ni zan fara."

Suka tafa.

Ranar awo magina suka jeru a bayan likita, ɗan asibitin garin, kowa da ɗan kofinsa, ana ta tsiya. Na Allah ya shige gaba, ya ɗaga labule. Majon da ke zaune cikin farar riga Ishaƙu ne, mijin Asma'u, ɗiyarsa ta fari. Bai daɗe da dawowa wannan likita ba, labari bai kai ƙauye ba tukuna.

Ishaƙu ya sauko daga kujera ya durƙusa. "Baba, ina kwana."

Na Allah ya amsa wa bango, ya fito.

"Lafiya?" in ji Mahmudu.

"A kawo wani."

"Babu wani. Sai madam mai karɓar haihuwa, in ita kake so."

Magina suka kwashe da dariya. Gajere, wanda kowa ya san ba ya ɗaga diga sai ya haɗiyi ƙwaya biyu, ya ce, "Tsoho, ko dai kai ma kana ɗan taɓawa?"

Ishaƙu ya biyo su, ya yi wa Mahmudu magana ƙasa-ƙasa, idonsa na ƙasa. "A gaya wa Baba ya shiga, ni zan juya baya. Ko kuma in sa hannu kawai, ai duk gari an san shi."

"A gaya wa majo," in ji Na Allah, "in ya juya mini baya, Gajere ma zai nemi a juya mishi. Ni na kafa dokar. Wando kuma ba na kwance shi gaban mijin ɗiyata, ko hatsin duniya aka tara."

Saura awon jini, shi kuwa sai Maradi, sakamako sai ya ga dama. Mahmudu ya ja Na Allah gefe.

"Gobe kwamanda zai zo sara ta farko. In ba shugaba a bakin ramin, kwangila ta tashi. Yunwa ba ta san suruki ba, Na Allah."

"Ni na san shi."

"Sha'ibu mataimakinka zan ba."

"Ba shi. Hannunsa da kyau. Amma ka tsaya a kan Gajere."

Na Allah ya hau bayan kamyon, babbar motar albasa, ya tafi Maradi, ya miƙa hannu wani baƙon yaro ya zuƙi jininsa. Kafin ya dawo rami ya wuce tsayin mutum uku, kuma a kasuwa an gama yanke cewa tsoho ya gudu wa kofi. Ya ba Mahmudu takardar a gaban jama'a, ya ce a karanta da ƙarfi. Aka karanta. Babu komai a jininsa. Gurbi ɗaya ya rage, na jan igiya, wanda Gajere ya bari da kofinsa ya tona shi. Na Allah ya tofa wa tafinsa miyau ya kama.

Sha'ibu ya ci riba, ya zama shugaba da buhu cikakke. Mahmudu bai rasa kwangilarsa ba. Gajere ya koma kabu-kabu. Na Allah ya yi asarar shugabanci da rabin hatsi, gidansa suka ƙarasa bazarar da ganyen jiga, ya kuwa hana a aika wa Asma'u cewa ba su da hatsi.