Sojan da Ba a Sallama Ba

Daw Shwe Mi ta daɗe tana yi wa mutanen Kanada jagora a maƙabartar sojoji ta Taukkyan, har ta kai tana gane wanda zai yi kuka tun bai sauko daga mota ba. Duk ƙarshen damina suke zuwa, yawancinsu tsofaffi, kowa da jan fure maƙale a ƙirji, fuska ta yi jawur saboda zafin Yangon. Takan bi da su layi-layi zuwa inda sojojinsu na sama suke kwance, ta koma gefe su karanta sunaye, a yi shiru, a ɗauki hoto. Washegari a wuce Bagan kallon tsofaffin gine-gine, a can ne hankalinsu ke dawowa jikinsu har su fara taya zane a kasuwa.

A wannan shekarar aka samu wadda ta ce ita ba za ta Bagan ba. Sunanta Verna Kolisnyk, doguwar tsohuwa mai furfura fat, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Tana cikin mahaifiyarta, mahaifinta Orest ya tafi babban yaƙin duniya. Aikinsa shi ne ya tsaya bakin ƙofar jirgin dakon kaya yana tura buhunan shinkafa ƙasa, ga sojojin da ke cikin daji. A daminar ƙarshe ta yaƙin jirginsu ya shiga hadari bai fito ba. Bayan an yi sulhu aka kwaso abin da ya rage na mutanen jirgin aka haɗa su kabari ɗaya, sunayensu a jere, ba wanda ya san ƙashin wa ne na wa. Verna ta tsaya a gaban kabarin ido a bushe, ta ce wa Shwe Mi dutse kawai take gani a nan. Ita wurin da jirgin ya faɗi take so, wani ƙauye a gefen kogin Chindwin, kuma tun daga gida ta riga ta shirya da kamfanin tafiyar.

A Monywa suka ɗauki direba, Ko Lun Tin, mai baki ja da taunar wani ganye da suke ci kamar goro, wanda bakinsa ba ya hutawa. Tun kafin su bar gari ya fara tsokanar Shwe Mi a kan takalminta, wai da ganinsa bai taɓa gaisawa da taɓo ba. Ta ce ya kula da hanya, in ya jefa su rami taɓon zai gaisa da kowa. Amma da ta faɗi sunan ƙauyen sai ya daina tauna.

"Yaya, ai garin Bature ke nan."

Ta ce masa ba wani Bature da ke zaune a can, da ta sani.

"Yana nan. Fita ce ba ya yi."

Verna ta tambayi abin da ya ce. Shwe Mi ta ce maganar hanya yake yi, wai ba ta da kyau. Hanyar kuwa da gaske ba ta da kyau.

Hantsi ya ɗaga suka isa. Mai gari ya tarbe su a kan dandamalin wata rumfa da shayi da gyaɗa, bai tambayi abin da ya kawo su ba. Ya daɗe yana kallon Verna, sannan ya aika a kira Daw Ngwe. Aka zo da wata 'yar ƙaramar tsohuwa, baya ya tanƙware, idanu duk farar yana ta rufe su. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga faɗuwar jirgin.

Ta ba da labarin a hankali, Shwe Mi na juyawa. Tana yarinya a lokacin, suna dashen shinkafa ruwa na zuba, sai suka ji ƙara, jirgi ya fito daga cikin gajimare ya daki gindin tudu. Duk da ruwan, wutar ta ci har yamma. Shinkafa ta watsu ko'ina, wadda ta ƙone da wadda ba ta ƙone ba, mutane suka yi ta tsinta saboda yunwa ake yi a shekarar. Duk na ciki sun mutu nan take, sai mutum ɗaya da aka tsinta a cikin fadama, jirgin ya wurgo shi. Aka kai shi gidan ibada aka ɓoye, ita ce aka sa tana ɗiga masa ruwa a baki. Ya ɗan kwana biyu, sannan ya cika. Suka binne shi gindin tsamiyar da ke bakin fadamar.

Verna ta ɗora hannu a gwiwar Shwe Mi ta matse. A gida an gaya wa danginta ba wanda ya ko shura. Ta ciro hoton mahaifinta ta miƙa, ta ce a tambayi tsohuwar ko shi ne. Daw Ngwe ta kawo hoton dab da hanci, ta shafa shi da yatsa, ta ce ita yanzu ko fuskar jikokinta ba ta gani. Kuma mutumin fuskarsa a kumbure take, gashinsa duk jini da laka. Sai dai akwai wata kalma da ya yi ta maimaitawa har ya mutu, ita kam ba ta manta ta ba.

"Marin," in ji tsohuwar. "Marin, Marin."

Shwe Mi ta dubi Verna tana fatan ta ga fuskarta ta buɗe. Verna ta sa aka sake faɗa mata, ta juya kalmar a bakinta. Sunan mahaifiyarta Stefania. Ba Marin a danginsu, ba kuma mai wannan suna cikin mutanen jirgin. Wataƙila matar wani ce, wataƙila sunan gari ne, wataƙila kuma bakin yarinya ya sauya kalmar tun tuni. Ta mayar da hoton cikin jaka ta ja zif.

Nan ne mai gari ya gyara zama ya faɗi abin da ke ransu. Ya ce Turawa sun zo bayan yaƙi sun haƙa gindin tsamiyar sun tafi da ƙasusuwan, amma ƙashi kawai suka ɗauka, ba su sallame shi ba. Shwe Mi ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Ranar da nata mahaifin ya rasu, shi da ya yi aikin tashar jirgin ƙasa duk rayuwarsa, sai da wani babba ya zo daga ofis ya tsaya a kansa ya ce daga yau an sallame shi daga aiki, yana iya tafiya. In ba a yi haka ba, mamaci ba ya sanin aikinsa ya ƙare. Mai gari ya ce nasu Baturen yana nan bakin aiki. In hadari ya sauko ƙasa-ƙasa akan ji gurnanin inji a saman fadamar, da rana tsaka. Masu dashe sukan ɗaga kai su ga dogon mutum tsaye a kan kunya, ya juya musu baya, yana kallon sama. Bai taɓa cutar da kowa ba, sai dai bajimai ba sa yarda su ja garma ta wajen. Babban malamin gidan ibada ya yi masa addu'a, wani hafsan soja ma ya taɓa zuwa ya ba shi umarni ya tafi. Amma ba ya jin yarensu, su kuma ba mutanensa ba ne. Shi ya sa suke roƙon Verna ta sallame shi.

Saura Shwe Mi ta juya wa Verna maganar. Ta san yadda ake tausasa irin wannan ga baƙi, a ce al'ada ce ta girmamawa, su yi murmushi su ɗauki hoto. Ta dubi idanun Daw Ngwe da ke fuskantar inda ba kowa, sai ta faɗa wa Verna yadda aka faɗa, ba ragi.

Verna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta tashi ta sauka daga rumfar, ta je ta tsaya jikin motar. Shwe Mi ta bi ta.

"Tun ina yarinya nake jira in yi masa magana," in ji Verna. "Yau na zo, maganar farko in ce masa ya tafi? Kuma ban ma san ko shi ba ne."

Shwe Mi ta ce ita ma ba ta sani ba, ba kuma wanda zai sani. Ko wane ne dai, a jirgi ɗaya suka tashi da safiyar nan shi da mahaifin Verna. Ta ƙara da abin da tsohuwar ta raɗa mata suna saukowa, cewa ita ce ke kai masa shinkafa tun tana yarinya, 'ya'yan yanzu duk sun tafi aiki Thailand, in ta mutu ba ta san wanda zai riƙa tunawa da shi ba.

Rana ta take tsaka suka kama hanyar fadamar, a kan kunya, ɗaya bayan ɗaya. Mutanen gari suka tsaya daga nesa. A jikin tsamiyar an kafa wani ɗan akurki na ajiye wa mamacin abinci, rufinsa farin ƙarfen jirgi ne da ya yi duhu, a ciki ga ƙwaryar shinkafa da kofin ruwa. Inuwar wurin ta fi ƙarfin inuwar bishiya sanyi. Shwe Mi ta lura kukan ƙwarin da ya cika musu kunne tun daga gari ya ɗauke. Sai wani wari ya bugi hancinta, kamar na kananzir da ƙonanniyar shinkafa. Ta waiga ko wani ya hura wuta, ba hayaƙi ko'ina. Ta ga Ko Lun Tin ya cire takalmi ya haɗa tafukansa a ƙirji.

Verna ta miƙe tsaye ƙyam, irin tsayuwar malama a gaban aji. Ta kira sunayen mutanen jirgin ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙaminsa, na mahaifinta a ƙarshe.

"Yaƙi ya ƙare tun tuni. Shinkafar ta isa ga masu jin yunwa. An sallame ka daga aiki."

Shukar shinkafar da ke can gaba da bishiyar ta kwanta ta tashi, alhali Shwe Mi ba ta ji iska a jikinta ba. Sai muryar Verna ta sauya, ta koma ƙarama, ta yi wata magana cikin yaren kakanninta wanda Shwe Mi ba ta ji. Daga ƙarshe ta koma Turanci ta ce, "Taso mu je gida."

Daw Ngwe ta ja zanen Shwe Mi tana tambayar me aka ce a ƙarshe. Da ta ji, sai ta dafe ƙirji. Ta ce sallama daban, gayyata daban. Tunda an kira shi, dole a tafi da shi, ba a kiran mamaci a bar shi a hanya. Ta lalubi reshen tsamiyar ta karyo ɗan tsinke mai ganye, ta shafa shi a jikin akurkin, ta naɗe a ƙyallen da ke kafaɗarta ta damƙa wa Verna a hannu biyu. Sannan ta ɗauki ƙwaryar shinkafar ta juye wa tururuwa, ta kife ta. Ta zauna a gindin bishiyar ta ce su je, ita za ta ɗan jima.

A bakin mota Ko Lun Tin ya yi ta ƙunƙuni, wai shi mutum biyu aka ce masa zai ɗauka. Duk da haka ya buɗe ƙofar baya ya bar ta a buɗe bayan Verna ta shiga, ya tsaya kansa a sunkuye, sannan ya rufe a hankali. Verna ta matsa can ƙarshen kujera, ƙyallen a cinyarta. Ba wanda ya ce ta matsa.

Da suka iso gadar katako ta farko ya rage gudu har motar ta kusa tsayawa. A imaninsu, kurwa ba ta ƙetare ruwa sai an gaya mata, in ba haka ba a bakin gaɓa za ta tsaya. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya juyo.

"Yaya, ba ya jin nawa. Ke gaya masa."

Shwe Mi ta gyara zama. Shekarunta nawa tana magana a kan matattun nan, ba ta taɓa yi wa ɗayansu magana ba. Ta fuskanci gilashin gaba, don ba ta so ta waiga, ta ce da Turanci ga gada, za su ƙetare ruwa, ya biyo su. A gada ta gaba Verna ta karɓa. Hanyar kuwa gadoji ne birjik, kowane ɗan rafi da tasa, kuma ba wadda Ko Lun Tin ya tsallake bai tsaya ba. Har suka shiga Monywa bai ƙara tsokanar kowa ba.

A filin jirgin Yangon sauran 'yan tawagar sun dawo daga Bagan da tsarabarsu, suna ta nuna wa juna hotuna. Verna ta sa ƙyallen cikin aljihun rigarta ta ciki. Shwe Mi ta ja ta gefe, tana jin kunyar abin da za ta faɗa, ta ce akwai teku a gabansu, kada ta manta ta gaya masa. Verna ta ce tekun da faɗi, ba ta san inda ya fara da inda ya ƙare ba in ana sama, don haka magana za ta yi ta yi masa har su sauka. Tana da labarin da zai ishe su. In kuma ba mahaifinta ba ne, to ya yi haƙuri ya saurara, in sun isa za ta nemo masa Marin ɗinsa.

Shwe Mi ta tsaya har layin shiga jirgi ya shige da tsohuwar. Ba ta sake jin labarin Verna ba. Da wata damina ta zagayo ta haɗu da Ko Lun Tin a Monywa, ya ce mata Daw Ngwe ta rasu, an kuma nome fadamar har gindin tsamiyar. Ta tambaye shi ko an daina jin ƙarar injin. Ya tofar da jan yawu ya ce shi bai tambaya ba, su ma ba su faɗa ba.